Ramin Yatsa a Ƙafar Adda Baraka

Lahadi, bayan la'asar

Sai yau na samu wurin zama a gidanmu. Tun da yayata Adda Baraka ta dawo wankan jego 'yan barka suka hana mu sakat. Ga damina, ga lungunmu na Yakasai da ruwa ba ya wucewa, kowa ya shigo sai ya bar mana taɓo a tsakar gida, ni kuma in bi da tsintsiya. Haihuwar fari ce, don haka a gabanmu za ta yi arba'in. Yaron sunansa Mikail. Inna har ta mai da shi angonta, wai hancinsa bai kai na Baffa mahaifinmu ba amma za ta yi haƙuri da shi haka.

Uwar yaron kuwa ko kallon kirki ba ta samu. Ni wannan kunyar ɗan fari tana ba ni haushi, wallahi. Shanu sun ƙare mana tun zamanin kakanni, amma fulakon yana nan daram. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan Adda ba. Daga "waccan" sai "'yar gidan Gwaggo". In za ta ba ta abu, ni za ta miƙo wa, ko da Addar na zaune kusa da ita.

Gwaggo Lami, yayar Baffa, ita ta taso daga Mandawari da gangar wankanta da ganyen darbejiya. Wanka safe da yamma da ruwa mai tafasa, sannan kunun kanwa cike da kwanon sha. Gidan gaba ɗaya warin hayaƙi yake.

Gobe zan fara fostin, wato koyon aiki da ake tura mu ɗaliban nas, a ɗakin mata masu ciwon zuciya. Ban goge farin kayana ba.

Talata, da azahar

Sista Aisa ce mai koya mana a ɗakin. Babarbariya ce, tana jin sunana da na Baffa ta ce, "Muhsina Usaini? To, Bafulatana, nono kika kawo mana ko aiki?" Kowa ya yi dariya. A raina na ce za mu gamu.

Mun zo da abin sauraren ƙirji a wuya muna ta yanga, ta sa duk muka cire muka zuba a aljihu. Ta ce, "Ido tukuna, sannan hannu, sannan kunne. Wanda ya fara da kunne kurma ne." Ta tsayar da mu a ƙarshen gadon wata dattijuwa ta ce mu faɗi abin da muka gani. Muka yi tsuru-tsuru. Ita ta nuna mana: matar a jingine take da matasan kai har uku, ba ta iya kwanciya miƙe. Jijiyar wuyanta ta cika ta taso, tana motsi. In ta yi magana sai ta tsaya tsakiyar zance ta ja numfashi. Sannan Sista ta nemi izininta, ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ta ɗan jira, ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin, bai ciko ba.

Ta ce wannan ruwa ne, ba ƙiba ba. Zuciya ce ta gaza turawa, ruwan ya rasa inda za shi.

Na ji daɗin yau. Ƙafata kamar ta cire don tsayuwa, amma na ji daɗi.

Alhamis, da yamma

Matan maƙwabta sun shigo suna ta yaba Gwaggo. "Kai, jego ya karɓi Baraka! Dubi yadda ta murje, dubi kumatu." Gwaggo sai washe baki take, tana cewa ai hannunta ba ya ƙarya.

Adda ta ce in taya ta cire zobenta, ya matse ta. Sai da muka sa sabulu. Silifas ɗinta ma Baffa ta ara, nata ba sa shiga.

Ba komai ba ne. Masu jego suna yin ƙiba.

Juma'a, kafin in fita

An gaya mana tun a aji cewa ɗalibin nas kowa ya kalla sai ya hango masa ciwon da ya karanta jiya. Ni ce wannan.

Asabar, da hantsi

Na nemi matashin kaina na rasa, ashe yana wurin Adda. Ta haɗa da nata da na Inna ta jingina da bango. Wai in ta kwanta sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji, ga tari. Ta ce hayaƙin murhu ne.

Daga ɗaki zuwa banɗaki taku nawa ne a gidan nan? Amma sai da ta tsaya a bakin rijiya ta dafa, tana haki. Wannan Addar da take ɗaukar buhun gero ita kaɗai ta hana ni taɓawa, wai ni lagwani ce.

Na ce ta kawo hannu in ga lallen sunan ko ya goge. Ƙarya nake, bugun jininta nake nema. Da ƙyar na same shi, siriri, yana gudu, ya haura ɗari da ashirin alhali a zaune take. Na kalli wuyanta ta gefen ɗankwali. Na sunkuya na danna ƙwaurinta.

Ta yi dariya ta ce, "Ke Muhsina, ƙosai kike gwadawa ko ya soyu?"

Ban yi dariya ba. Na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Wata uku kacal da fara shiga ɗakin marasa lafiya, ni wace ce?

Lahadi, bayan azahar

Na yi wa Gwaggo magana. Na durƙusa har ƙasa, na yi ladabin duniyar nan, na ce Gwaggo ƙafar Adda kumburi ne, ko za a kai ta a duba.

Ta kalli ƙafar, ta taɓa, ta gyaɗa kai. Na ji sanyi a raina, na ce ta gane. Sai ta ce, "Sanyi ne ya shige ta. Daminar nan ce. Dole a ƙara wuta, a ƙara kanwa."

Innalillahi. Na ce Gwaggo kanwa gishiri ce, ruwa take tarawa a jiki. Nan fa ta miƙe. "Ni na wanke uwarki da ta haifi waccan, na wanke ta da ta haife ki. Ga ku nan kuna tafiya da ƙafafunku har kuna koya min aiki. Mai jego ta fita kafin arba'in, iska ta buge ta? A gidan wa aka taɓa yi? An saya miki igiyar roba kin rataya a wuya shi ke nan kin zama likita!"

Inna tana gefe tana yi wa Mikail wasa. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Amma na ga ta daina jijjiga shi.

Kunun yamma har ɗaci yake don kanwa. Na ɗanɗana.

Litinin, da magariba

Na kira Baffa, yana kudu da shanun mutane. Ya ce wannan sha'anin mata ne, mu bi abin da Gwaggo ta ce.

Jafaru, mijin Adda, ya zo kamar kullum ya tsaya a zaure. Shi ma kunyar surukai ba ta barinsa ya wuce nan, sai dai in kai masa yaron ya gani. Na gaya masa. Ya rikice, ya ce, "To ni yanzu in shiga in ce wa Gwaggo me? Ki bari in ga yadda za a yi."

Kowa a gidan nan kunya yake ji. Ruwan da ke ƙafarta ne kaɗai ba ya jin kunyar kowa, yau ya kai gwiwa.

Talata, da safe

Wataƙila dai sanyin ne. Wataƙila ni ce ban iya ƙirga ba.

Talata, bayan an tashi

Na kasa haƙuri. Na bi Sista Aisa har wurin wanke hannu na ce, "Sista, a ce wata mai jego, maƙwabciyarmu..."

Ta ce, "Kar ki gaya min abin da kike tsoro. Gaya min abin da kika gani."

Na jero mata: matasan kai, haki, tari, jijiyar wuya, bugun jini, ramin yatsa, wanka, kanwa. Ta tambaya ko na saurari ƙirjin, na ce a'a. Ta goge hannunta ta dube ni, babu tsokana ko ɗaya yau.

"Maƙwabciyar nan taku a kawo ta asibiti yau, ba gobe ba. Kafin nan a daina ba ta kanwa da gishiri. Kuma ko me zai faru kar a kwantar da ita, a bar ta a zaune. Kin ji ni, Muhsina?"

Ba ta ce Bafulatana ba. Wannan ya fi komai tayar min da hankali.

Talata, bayan la'asar

Na saurara. Na rufe ƙofa na sa wa Adda abin sauraren ƙirjin a baya, ƙasa-ƙasa. Duk jan numfashi sai in ji ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda a nesa. Na dawo gaba, ƙarƙashin nono na hagu. Zuciya bugu biyu take yi, haka muka ji a jikin junanmu a aji. Ta Adda uku take yi, kamar lugude.

Na ce Adda tashi mu tafi yanzu. Ta riƙe min hannu. "Don Allah kar ki jawo min magana. A ce 'yar fari ta kasa jure wanka? Inna ta ji kunya a dangi? Saura kaɗan a yi arba'in, in an yi sai mu je." Sau uku ta tsaya kafin ta ƙarasa wannan maganar.

Sai na ɗauki kwanon kunun na tuttular a kwata. Gwaggo tana bayana ashe.

Abin da ya biyo baya ba sai na rubuta duka ba. Ta ɗaure kayanta wai Mandawari za ta koma, an raina ta a gidan ƙaninta. Inna ta sa na durƙusa na ba ta haƙuri. Na bayar. Aka dama wani kunun.

Na bi Inna madafi na ce, "Inna, don girman Allah zo ki ga ƙafarta da idonki." Ta ce, "Ni me zan gani? Gwaggonku na nan." Tana ta juya miyar da ba ta buƙatar juyi. Raina ya ɓaci, na faɗa mata wata magana a kan kunya da makarar gawa. Ban taɓa yi wa Inna irin wannan ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.

Na kira Jafaru na ce gobe da sassafe ya zo da adaidaita ya tsaya a bakin titi, ko da faɗa sai mun fita da ita. Ya ce to.

Da zan shiga alwala na hango Inna tsaye a bakin ƙofar Adda, ta ɗan ɗaga labule. Adda na gyangyaɗi a zaune. Ba fuskarta take kallo ba, ƙafafun take kallo.

Laraba

Muna asibiti.

Alhamis, da hantsi, a kan benci

An sa wa Adda iskar oksijin. An yi mata allurar da ke fitar da ruwa. Ba sa barin kowa ya daɗe a ciki, har ni mai farin kaya.

Na zauna, na tashi, na zagaya, na dawo na zauna. Bari in rubuta.

Jiya Gwaggo ta riga ni. Tun da asuba ta hura wuta, kafin Jafaru ya iso har ta shigar da ita wanka, wai a kori sanyin gaba ɗaya. Ina ɗaki ina sa hijabi na ji Gwaggo na salati. Na fito na tarar da Adda a bakin banɗaki, zani a ƙirji, tururi na tashi a jikinta, baki buɗe tana neman iska. Leɓenta ya yi duhu. Tana tari wani kumfa na fitowa.

Gwaggo ta shimfiɗa tabarma tana cewa a kwantar da ita a lulluɓe ta. Na ce a'a! Na shiga bayanta na tallafe ta a zaune. Gwaggo na ja, ina ja. Ina ihu ina cewa in ta kwanta ruwan zai rufe mata huhu, amma wa ke jin ta bakina?

Sai ga Inna. Ta ajiye Mikail a kan tabarmar, ta durƙusa a gaban 'yarta. Ta sa babban yatsa a ƙwaurin, daidai inda ta ga ina dannawa, ashe tana kallona duk kwanakin nan. Ta ɗaga. Yatsan ya bar rami kamar an danna tuwo.

Ta ce, "Yaya, a bar ta a zaune." A hankali ta faɗa, amma Gwaggo ta saki.

Adaidaita ba ta shiga lungunmu. A kan kujerar roba muka ɗora ta, Jafaru da Malam Lawal mai shagon bakin lungu suka ɗauka. Jafaru da bai taɓa wuce zaure ba sai ga shi har bakin banɗakin surukai, ko takalmi bai cire ba. Muka bi ta cikin taɓo mutane na matsawa jikin bango. Inna ta fito da tawul ɗin jariri a ka, ta ɗauka mayafi ne.

A cikin adaidaita ni ina riƙe da wuyan hannunta, bugun yana ɓace min yana dawowa. Kanta ya langaɓe. Sai na ji wata murya da ban sani ba.

"Baraka. Baraka! Barakatu, kin ji ni? Ga ni nan. Baraka."

Har muka iso Inna ba ta daina ba. Mai adaidaitan ma kuka yake.

An kira mai jinya. Bari in je.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Haka dai.

Asabar, da safe

Ta yi fitsari da yawa. Ban taɓa zaton zan yi murna da fitsarin mutum har in rungume wata nas da ban sani ba.

Mikail ya ƙi madarar gwangwani, sai da Inna ta ba shi da cokali. Baffa ya kamo hanya.

Litinin, da azahar

An yi hoton zuciya. Likita ya ce ta buɗe ta yi laushi, irin wanda ke samun wasu mata bayan haihuwa, ko sun sha kanwa ko ba su sha ba. Amma gishirin kanwar da zafin wankan sun ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ya ce wasu zuciyarsu na komawa daidai, wasu ba ta komawa, sai an ga watanni. Sannan ya ja Jafaru gefe ya yi masa wata magana a kan haihuwa nan gaba. Ban ji duka ba, kuma ba na so in rubuta wanda na ji. Jafaru ya dawo ya karɓi Mikail daga hannun Inna, ya daɗe yana kallonsa, shi kaɗai ɗin nan.

Sista Aisa ta leƙo daga ɗakinmu. Ta duba Adda, ta dube ni, ta ce, "Ashe maƙwabciyar taku kama kuke." Na sunkuyar da kai. Ta ce gobe in zo aiki a kan lokaci, ba a ba Fulani hutu.

Laraba, da la'asar

Gwaggo ta zo. Na ɗauka ta koma Mandawari, ashe tana gida ita ke riƙe da girki. Ta kawo faten wake a kula, ta miƙo min ba ta kalle ni ba, ta ce, "Babu gishiri. Ko kanwar dafa waken ban sa ba, shi ya sa ya ƙi nuna da wuri."

Ta zauna a ƙarshen benci. Can ta ce, ba da ni take ba kuma ba da kowa ba, "Mu haka aka yi mana. Akwai wata a lungunmu, shekarun baya, ita ma haka ta kumbura, aka ce sanyi ne..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ja carbinta.

Na so in ji haushinta, na neme shi na rasa. Na matsa na zuba mata ruwa.

Asabar

An cire oksijin. Matashin kai biyu.

Alhamis, da hantsi

Mun dawo gida jiya. Arba'in ta wuce muna asibiti, babu wanda ya tuna. Gangar wanka tana kife a bayan rijiya. Magunguna cike da leda, kuma kowane wata sai an koma. Na ce wa mutanen gida kullum da safe a duba ƙafarta, in rami ya dawo ko hakin ya ƙaru, ba jira, ba shawara da kowa.

Inna ta koma yadda take. Da safe ta miƙo min koko ta ce, "Kai wa waccan." Kai, Inna!

Na gaya wa Adda abin da ya faru a adaidaita. Ta ce ƙarya nake. Na rantse. Sai ta ce, "Ni ban ji ba. Ban ji komai ba, Muhsina." Ta ce in faɗa mata yadda ta faɗa, da irin muryar. Na gwada, bai yi ba. Ta ce in sake. Muka yi dariya, sai dariyar ta juye mana, muka rufe ƙofa kar a ji.

Juma'a, da safe

Na makara, ina neman takalmina, na tuna ban duba ƙafar ba. Na ɗaga labule na tarar an riga ni.

Inna ce durƙushe a gaban gado, fuskarta a juye wajen bango kamar mai neman wani abu a can. Babban yatsanta yana kan ƙwaurin Adda. Adda ta ƙura wa silin ido, ko motsi ba ta yi, kamar wadda tsuntsu ya sauka a jikinta.

Inna ta ɗaga yatsan. Muka duba mu biyu. Wurin ya ciko nan take, babu rami.

Ta ce da ni, "Ki gaya mata babu komai yau."

Amma ba ta tashi ba. Ta mai da hannun, tafin gaba ɗaya wannan karon, ta kama ƙafar ta riƙe.

Na ce, "Inna, ai an gama. Ba sai an daɗe haka ba."

Ta ce, "Na sani."